Filin Tambaya da Amsa: Kyandir Mai Ƙamshi da Sauron Damina

Tun da ruwan damina ya kankama a gabashin Sudan da yankin Sinnar, yawancin wasiƙun da suke iso wa wannan fili a kan sauro suke magana, kuma a wannan karo uku daga cikinsu sun haɗu a kan abu guda, wato kyandir mai ƙamshi da ake cewa yana korar ƙwari daga gida. Na taƙaita wasiƙun saboda ƙarancin wuri, amma ban taɓa manufar kowa ba.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malama. Ƙanwata da take aure a Jidda ta aiko mini da kyandirori masu ƙamshin lemun tsami a cikin 'yan gwangwanaye, ta ce su suke kunnawa idan sun zauna hira a saman bene, kuma sauro ba ya damunsu. Ina da yara uku, autar ba ta cika shekara biyu ba, kuma dukansu ba sa son kwana a gidan sauro saboda zafi, ga shi wutar lantarki ba ta zama. Na fara kunna guda ɗaya a ɗaki idan za mu kwanta, yana ba mu haske, ɗakin kuma yana ƙamshi. Shin wannan ya isa in naɗe gidan sauron, tunda an ce daga tsirrai aka yi shi, ba shi da illa? Daga wata uwa a Gadarif.

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah, 'yar'uwa. Allah ya raya mana yaran, ya saka wa ƙanwarki da alheri bisa wannan zumunci. Zan fara da abin da ya fi gaggawa: kada ki naɗe gidan sauron nan, kuma daga daren yau kada ki sake barin kyandir yana ci a ɗakin da kuke barci. Ga dalilaina.

Macen sauro ce kaɗai take cizo, domin tana buƙatar jini kafin ƙwanta ya nuna, kuma tana gano mutum ne ta hanyar iskar da yake fitarwa idan ya yi numfashi, da warin gumin jikinsa, da ɗumin fatarsa idan ta matso kusa. Ƙamshin da kike ji a kyandir ɗin, idan na gaske ne, na man sitronela ne, wanda ake tatsowa daga wata ciyawa da ake nomawa a ƙasashen Asiya irin su Indonisiya da Sin da Sri Lanka, kuma dangi ce ga mahareb ɗin nan da muke jefawa a shayi. Wannan mai ba ya kashe sauro. Abin da yake yi shi ne ya gauraya da warin jikin mutum ya rikita wa sauro hanya, kuma yana yin hakan ne muddin ƙamshin yana da kauri a cikin iskar da ke kewaye da mutum. Da zarar iska ta kaɗa, ko kuma kin matsa nesa da kyandir ɗin, ƙamshin ya tsinke, numfashinki kuwa yana nan bai tsaya ba.

Masana sun gwada wannan abu fiye da sau ɗaya, kuma sakamakon bai kai yadda masu sayarwa suke kururutawa ba. A wani gwaji da aka yi a Kanada, wanda aka buga a 1996, an zaunar da mutane a waje kusa da kyandir mai ɗauke da sitronela kashi 3 cikin 100, sai aka ga cizon ya ragu da kimanin kashi 42 cikin 100 idan aka kwatanta da waɗanda suka zauna ba kariya. Abin lura shi ne, kyandir na yau da kullum, wanda ba a sa masa komai ba, shi ma ya rage cizon da kimanin kashi 23, watau wani ɓangare na aikin daga zafin wutar da hayaƙinta yake fitowa. Wani binciken da aka buga a 2009 ya gwada shi a cikin ɗaki, sai kyandir ɗin sitronela ya kori kashi 14 kawai, yayin da mai ɗauke da wani sinadarin tsirrai da ake kira jeraniyol ya kori kashi 50. A 2017 kuma masu bincike a wata jami'a ta jihar New Mexico a Amurka suka gwada shi a kan sauron da yake yaɗa zazzaɓin dengi, ba su ga ya hana shi nufar mutum ba. Ki ɗauki ma mafi kyawun sakamakon nan: idan sauro goma ne za su ciji yarinyarki a dare, shida suna nan za su cije ta, alhali cizo ɗaya daga sauro mai ɗauke da cuta ya isa ya kwantar da ita. Wanda ya dogara da kyandir a irin wannan hali kamar mai tare ruwan sama ne da faifai, kansa zai ɗan tsira, jikinsa kuwa sai ya jiƙe.

Ba na ƙaryata ƙanwarki, domin halin da take ciki daban ne da naki. A saman bene iska tana kaɗawa, sauro kuwa ba shi da ƙarfin tashi cikin iska, sannan idan sun gama hira ɗaki mai na'urar sanyaya wuri da tagogin gilashi suke shiga su rufe. Ban da haka, zazzaɓin cizon sauro ba ya yaɗuwa a cikin birnin Jidda kamar yadda yake yi a nan, ko da yake su ma suna fama da dengi tun da ya ɓulla musu a 1994. Ke kuwa a Gadarif kike, inda baƙar ƙasa mai yumɓu take riƙe ruwa a kowane rami da kowane sawun mota har damina ta wuce, kuma sauron da yake kawo mana zazzaɓi da dare yake aiki, tun daga faɗuwar rana har ketowar alfijir, musamman lokacin da barci ya yi nauyi. A wannan lokaci ko dai kyandir ɗin ya ƙare, ko kuwa yana ci ba mai kallonsa, kuma dukansu biyu ba alheri ba ne. Kada ki manta da cutar kalazar mai kawo dogon zazzaɓi da kumburin saifa, wadda jihar Gadarif tana cikin wuraren da ta fi yi wa ɓarna a duniya, kuma wani ɗan mitsitsin ƙwaro ne da bai kai sauro girma ba yake yaɗa ta da cizonsa na dare. Gidan sauro mai magani yana taimakawa a kansa shi ma.

Maganar wuta ita ce ta fi tayar mini da hankali a wasiƙarki. Gidan sauro da zaren roba ake saƙa shi, yana narkewa idan harshen wuta ya taɓa shi, ya ɗiga a jikin wanda yake ciki. Yarinyar da ba ta cika shekara biyu ba tana iya farkawa cikin dare ta rarrafa wajen haske, kaza ko kyanwa na iya ture gwangwanin, labule na iya kaɗawa ya taɓa shi. Duk wanda ya zauna a unguwannin da ake da bukkokin ciyawa da dangar kara ya san yadda gobara take tsallakawa daga jinka zuwa jinka kafin a ɗebo ruwa. Ko babu gobara, yawancin kyandirorin sitronela domin waje aka yi su, kuma idan kin juya gwangwanin za ki iya tarar da an rubuta hakan, saboda suna da hayaƙi da baƙin toka fiye da na haske, abin da bai dace da ƙirjin ƙaramin yaro a rufaffen ɗaki ba. Batun cewa na tsirrai ne don haka ba shi da illa kuwa, wannan magana ce da ya kamata mu daina sakin jiki da ita, domin tsantsar man sitronela yana iya sa fata ta yi ja da ƙaiƙayi, yana ƙona ido, kuma idan yaro ya sha shi sai an garzaya da shi asibiti.

Na san kukan yaran a kan zafi gaskiya ne, kuma ba zan ce miki ki tilasta musu kawai ba. Sau da yawa yadda aka ɗaura gidan sauron ne yake ƙara zafin: idan aka rataye shi da igiya ɗaya a tsakiya sai ya rufto a kan fuska, amma idan aka kafa sanduna huɗu a ƙafafun angarib, wato gadon igiya, aka ɗaure kusurwoyinsa sama sosai, sai ya zama kamar ɗan ɗaki, iska tana ratsa shi. A daren da babu hadari ki fitar da gadon tsakar gida ko ƙarƙashin rumfa, ki yi wa yaran wanka kafin su kwanta, ki cusa gefen gidan sauron ƙarƙashin katifa ta kowane ɓangare, ki kuma duba kada hannu ko ƙafa ta jingina da ragar. Idan sabo ne ki shanya shi a inuwa kwana ɗaya kafin a fara kwana a ciki, idan ya yi datti ki wanke shi a hankali da sabulu ki shanya a inuwa, idan ya huje ki ɗinke tun ramin yana ƙarami. Irin mai maganin nan ana ƙiyasta masa shekara 3 ko wanki 20. Idan Allah ya hore, 'yar fanka mai caji da fitila mai amfani da hasken rana za su yi miki aikin da kike nema daga kyandir, haske da sauƙin barci, kuma iskar fankar da kanta tana hana sauro sauka. Idan ƙanwarki ta sake tambayar abin da za ta aiko, ki ce mata waɗannan.

Kyandirorin da ke hannunki kuwa kada ki zubar, suna da wurinsu. Bayan magariba, lokacin da ake zaune a tsakar gida ana shan jabana, wato gahawa, ko ana cin tuwon dare, ki kunna biyu ko uku ki kewaye wurin zaman da su, a ƙasa kusa da ƙafafu, domin sauron dare ya fi sauka a ƙafa da idon sawu idan mutum yana zaune. Ki dasa kowane gwangwani a cikin kasko mai yashi yadda ba zai kife ba, ki ajiye shi ta ɓangaren da iska take fitowa domin ta kwaso ƙamshin zuwa gare ku, kuma babba ya kashe shi da hannunsa kafin a watse. Zai ɗan rage muku cizon wannan sa'a ɗaya ko biyu, iyakarsa ke nan. Ki kuma tambaya a asibitin da kike kai autarki awo game da allurar rigakafin zazzaɓin cizon sauro, wadda aka fara yi wa ƙananan yara a jihohin Gadarif da Bahar Azraƙ a watan Nuwamba na 2024, za su gaya miki ko shekarunta sun dace. Duk yaron da jikinsa ya yi zafi a kai shi gwajin jini a ranar, kada a jira a ga abin da gobe za ta yi.

Tambaya: Malama, barka da aiki. Ina da amya 'yan kaɗan, kuma bayan na tace zuma kaki yana taruwa mini. Maiɗakina ta ba da shawarar mu riƙa dafa kakin da ganyen mahareb muna yin kyandir, mu sayar a kasuwa a matsayin maganin sauro. Yaya ake haɗa shi, kuma zai yi aiki? Daga wani magidanci a Mai Wurno.

Amsa: Barka kadai, Malam, Allah ya sa albarka a sana'a, a gaishe da uwargida. Kakin zuma abu ne mai daraja, yana ci a hankali, hayaƙinsa kaɗan ne idan lagwanin ya dace, kuma ba ya lanƙwashewa a zafin bazararmu da wuri, tunda sai ya kai wajen digiri 62 zuwa 64 yake narkewa. Shawarar yin kyandir da shi shawara ce mai kyau. Inda nake da gyara shi ne wajen ganyen da kuma sunan da za a sayar da shi.

Dafa ganye a cikin kaki ba ya fitar da man da ake buƙata sai ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Masu tatsar irin wannan mai da tururi suke yi, a tura shi ta cikin tarin ganye, ya kwaso man, a sanyaya shi a raba mai da ruwa, kuma ganye mai yawan gaske ne yake ba da 'yar kwalba. Idan kuma aka bar guntayen busasshen ganye a cikin kyandir, kowanne yana iya zama lagwani na biyu, wutar ta tashi fiye da kima ta fasa mazubin. Sannan mahareb, duk da danginsu ɗaya da ciyawar sitronela, sinadaran da suka fi yawa a mansa daban ne, don haka alkaluman da na kawo a amsar farko ba nasa ba ne.

Idan kuna son yi, ku nemi man sitronela na gaske wajen masu sayar da kayan turare da kuka amince da su, ku tabbatar tatsattsen mai ne, domin akwai turaren kamfani da yake kwaikwayon ƙamshin kawai. A zuba kakin a gwangwani mai tsabta, a sa gwangwanin a cikin tukunyar ruwan zafi, kada a ɗora shi a kan wuta kai tsaye. Idan ya narke a tace shi da ƙyalle, a sauke daga wuta, a bari ya ɗan huce kaɗan, sannan a zuba man, giram 5 a kowane giram 100 na kaki, a juya sosai kafin a zuba a mazubin gwangwani ko na gasasshen yumɓu. Zuba man a kan wuta asara ce, domin ƙamshin zai tashi tun a tukunya. Lagwanin ya zama na zaren auduga, mai ɗan kauri saboda kakin zuma yana da nauyi, a tsayar da shi a tsakiya da tsinke har kakin ya daskare, a datse shi ya rage kamar milimita 6. Ku ajiye murfin tukunya a kusa, kuma ku gaya wa duk wanda yake taya ku aiki cewa idan kaki ya kama wuta rufe shi ake yi, ba a watsa masa ruwa, domin ruwa yana sa shi ya fantsama da wutarsa.

Game da suna, ina roƙonka, Malam, kada a kira shi maganin sauro. Garinku a bakin kogi yake, kusa da madatsar Sinnar da aka kammala a 1925 da magudanan ban ruwa, inda sauro yake samun wurin haihuwa ko bayan damina. Matar da ta sayi kyandir ɗinka bisa cewa magani ne tana iya yin abin da 'yar'uwarmu ta Gadarif ta yi niyyar yi, ta naɗe gidan sauron 'ya'yanta, kuma wannan nauyi ne da ba na so ya hau wuyanka. Ka sayar da shi a matsayin kyandir mai ƙamshi na zaman tsakar gida wanda yake ɗan rage damun sauro, ka faɗa wa mai saye da bakinka cewa ba a kwana da shi. Zai samu kasuwa a hakan, musamman a wannan lokaci na ƙarancin lantarki.

Tambaya: Malama, mu a gidanmu da rana sauro yake cizonmu, wani baƙi mai ɗigon fari a ƙafafu. Mahaifiyata tana turara ɗaki da turaren wuta safe da yamma, yayana kuma yana kunna igiyar leƙo. Ni ina son in sayi kyandir mai ƙamshi saboda hayaƙin yana sa ni tari. Wanne ya fi, kuma kyandir ɗin zai kori ƙuda? Daga wata ɗaliba a Kasala.

Amsa: 'Yata, Allah ya ba da sa'ar karatu. Kin lura da kyau, kuma sauron da kika siffanta shi ne mai yaɗa dengi da kuma ciwon gaɓoɓin nan da ake kira kankasha, wanda ya kwantar da dubban mutane a Kasala a 2018. Ya fi cizo da sassafe da kuma la'asar sakaliya, kuma a kansa ne gwajin 2017 ya nuna kyandir bai yi tasiri ba, don haka ki riƙe kuɗinki. Turaren Mama yana kore shi muddin hayaƙin yana tashi, idan ya lafa sai ya dawo. Igiyar leƙo ta fi su biyun ƙarfi saboda tana ɗauke da maganin ƙwari, amma tarinki yana da dalili: wani bincike na 2003 ya nuna cewa ƙurar hayaƙin da guda ɗaya take fitarwa tana iya kai ta taba sigari 75 zuwa 137. Ki gaya wa yayanki ya riƙa kunna ta a bakin ƙofa ko a ƙarƙashin rumfa, kada a rufe ɗaki da ita. Ƙuda kuwa abinci da shara suke kawo shi, rufe kwano da nisanta bola sun fi kowane ƙamshi.

Wannan sauro a cikin gidanku ake haifarsa, a ruwa mai tsabta. Ki ɗauki fitila ki leƙa cikin randa, da ɗan kwanon da ake tarar ɗigon ruwa a ƙarƙashinta, da durom, da tankin na'urar sanyaya ɗaki mai amfani da ruwa, da tsohuwar taya a bayan gida, za ki ga 'yan tsutsotsi suna wutsil-wutsil, suna nutsewa idan haske ya taɓa su. Macen tana manna ƙwanta a jikin mazubin, dab da saman ruwa, ƙwan yana iya yin watanni a bushe bai mutu ba, kuma daga ƙyanƙyasa zuwa tashi kwana 7 zuwa 10 ne a lokacin zafi. Saboda haka zubar da ruwan kaɗai bai isa ba, sai an goge cikin randar da soso ko burushi sau ɗaya a mako, a mayar da ruwa a rufe da murfi ko a ɗaure bakin da ƙyalle. Ku zaɓi rana guda, kamar safiyar Juma'a, ku ja maƙwabta su ma su yi, domin sauron ba ya tafiya nesa da inda aka haife shi.

Domin zaman aji da karatun la'asar, ki nemi man shafawa na korar sauro mai sinadarin DEET ko pikaridin a kantin magani, ki shafa a hannu da ƙafa bisa ƙa'idar da ke jikin kwalbar. Ba a shafa wa jaririn da bai kai wata 2 ba, shi sai dai a lulluɓe shimfiɗarsa da gidan sauro ko da rana ne. Idan wani a gida ya kamu da zazzaɓi mai ciwon kai da ciwon bayan ido da na gaɓoɓi, a ba shi farasitamol da ruwa mai yawa, a guji asfirin da ibuprofen saboda suna iya jawo zubar jini idan dengi ne, a kai shi asibiti, kuma ya riƙa kwanciya a gidan sauro dare da rana har zazzaɓin ya sauka, domin kada sauron gidan ya cije shi ya kai wa sauran.